Wayar Orval Duk Rawaya Ce

Orval Tveit maƙwabcina ne shekara arba'in da ɗaya, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa taka gidansa ba tare da dalili ba. Shi ma haka. Mil biyu ne tsakanin ƙofata da tasa, a nan yammacin Dakota ta Arewa. In ka ga a-kori-kurarsa ta shigo farfajiyata, to ko dai saniya ta tsallake shinge, ko aron sarƙa ya kawo shi, ko ya ji labarin wani abu nawa ya lalace. Sai an gama maganar dalilin sannan a jingina da mota a kwashe awa guda ana zancen ruwan sama. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi. Mata sukan kira juna su sha hira a kan komai da babu komai. Namiji kuwa in ya kira ɗan'uwansa namiji ya ce gaisuwa ce kawai, sai a fara tambaya a gari ko likita ya faɗa masa wata magana.

Sunana Merle Dockter. Shanu nake kiwo, kuma ban iya haƙuri ba. Matata Verna za ta ba da shaida ko ba a tambaye ta ba. Orval kuwa haƙurinsa har haushi yake ba ni. Dogo ne siriri mai manyan kunnuwa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo, ya ɗaga kai ya duba rana, sannan ya ce yana jin dai an kusa sha biyu.

A gonarsu aka haife shi, wadda kakansa ya kafa da ya zo daga Norway. Yana da shekara bakwai aka kawo lantarki karkararmu. Ranar da aka kunna ƙwan farko a ɗakin girkinsu, kowa yana kallon ƙwan, shi kuwa ya fita ya bi turakun da ƙafa don ya ga inda wayar ta fito. Sai da ya yi mil biyar wani manomi ya tsince shi ya mai da shi gida, uwarsa ta zane shi. Bai daddara ba. Makaranta ya bar ta yana ɗan sha shida, bai taɓa riƙe takardar shaidar komai ba, amma daga nan har bakin kogi babu tarakta ko famfon rijiya da hannunsa bai shiga cikinsa ba.

Kayan aikinsa abin dariya ne. Tsohuwar fitilar gaban mota ce da ya liƙa wa waya biyu. Masu gyara na kamfani suna zuwa da mita mai lambobi, shi kuwa sai ya taɓe baki.

"Mita za ta ce maka akwai wuta," in ji shi. "Ba za ta ce maka ko wutar za ta iya aiki ba. Silin waya ɗaya ya ishe ta murna. Wannan fitilar kuwa mai ci ce. In ta haska sosai, to wuta ta iso da gaske."

Aibinsa ɗaya ne a sana'ar, kuma babba ne. Shekarar da aka rufe tsohon rumbun hatsi na gari, ya je gwanjo ya sayo naɗin waya wanda sai da mutum biyu suka ɗora masa a mota. Rawaya ce. Tun daga ranar, duk abin da Orval ya gyara da rawayar waya yake gyara shi. Wadda ke kawo wuta rawaya, wadda ke mai da ita rawaya, ta fitila rawaya, ta makunni rawaya. Ƙararrawar cocinmu rawaya ce a ciki, haka injin wankin Verna. Littafin kamfani zai ce maka bi ja ka je ga baƙa, ka buɗe ka ga kamar an zubar da tukunyar taliya.

"Orval, in ka mutu wa zai gane wannan?" na taɓa ce masa.

"Ai shi ya sa ba na sauri," ya ce.

Babu inda rawayar nan ta yi yawa kamar a injin daminsa. Tsohon inji ne, irin wanda ke tsince busasshiyar ciyawa daga layi ya nannaɗe ta ta zama dami mulmulalle da ya kai ƙirjin mutum. In damin ya cika, sai ka danna makunni a cikin tarakta, wani hannun ƙarfe mai aiki da wuta ya ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan ya ɗaure shi. In hannun nan ya tsaya, kai ma ka tsaya. Ga ciyawa a kwance, ga rana tana tafiya, kuma duk mai shanu ya san kwana uku ne tsakanin yanka da ɗauri. In ruwa ya riga ka, abincin hunturu ya tafi.

Matarsa Ardis ta rasu a watan Maris na wata shekara, a shekara ta biyu kuma huhunsa ya gaza. Ƙurar ciyawa mai fumfuna da ya shaƙa tun yana yaro ita ta taru ta kama shi. Likita ya ce ba shi ba ciyawa, ba shi ba sanyinmu. 'Yarsa guda, Karin, tana aure a wani gari kusa da Phoenix a Arizona, ta zo ta ce sai dai ya bi ta. Aka sa ranar gwanjo.

Na tsani gwanjon gona. A jera rayuwar mutum a kan tirela, baƙi suna jujjuya ta suna neman aibi, matan coci suna sayar da kofi da wainar dankali a cikin gareji. Orval yana tsaye a gefe da sabuwar hula, kamar wanda ya zo kallon kayan wani. Da aka zo kan injin damin, babu wanda ya motsa, don kowa ya san abin da ke cikinsa. Sai na ga hannuna a sama.

Verna ta zungure ni. "Kana da injin dami, Merle."

"Na sani."

"Naka ya fi wannan sabunta."

"Na ce na sani, ko?"

Da yamma na zo jan sa, Orval ya taimaka mini na maƙala shi a tarakta. Ya daɗe a durƙushe wajen wuyan injin, inda yake haɗuwa da tarakta, yana numfashi da ƙyar. Da ya miƙe sai ya share hannu a wando ya ce, "Hannun igiyar nan yana da hali. In ya tsaya, ka kira." Na ce to. Wannan ita ce sallamarmu. Washegari Karin ta tafi da shi.

Na karɓi hayar fadamarsa, eka sittin na ciyawar shanu alfalfa a bakin rafi, wadda babu kamarta a yankin. Nawa injin na bar shi a rumfa na fita da nasa, kada ka tambaye ni dalili. Ran tara ga Yuli, dami na goma sha huɗu, hannun ya kai tsakiya ya ƙame. Na zagi injin, na zagi rawayar waya, na ciro salula.

Ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Ya tsaya," na ce.

"Wa ke magana?"

"Kakanka ne daga Norway. Hannun ya tsaya, Orval."

Ina jin hucin robar iskar da aka sa masa a hanci. "To," ya ce, kuma na rantse murmushi yake yi. "Fitilata tana cikin akwatin gefe, na bar maka. Je ka wajen batir."

"Batir lafiya lau yake."

"Ka tambaye shi ne ya faɗa maka? Je ka."

Haka ya bi da ni taki-taki. Na kankare kan batir da wuƙa. Na ciro fiyus na ɗaga shi a rana. Na buɗe akwatin makunni na hura ƙura. Na kwance ƙusar da ke riƙe wayar komawa a jikin ƙarfe, na goge tsatsa har ta yi ƙyalli. Yana zaune mil dubu da ɗoriya daga nan, amma yana ganin injin fiye da ni da nake kwance a ƙarƙashinsa.

"Waya ta uku daga hagu," ya ce. "A'a, ba wannan ba."

"Ya aka yi ka san wadda na kama?"

"Na san ka. Kullum ta kusa da hannunka kake kamawa."

Tsakanin wannan waya da waccan yake jefo tambayoyinsa. Ruwa inci nawa aka samu a Yuni? Rafin ya cika? Wa ya sayi gidan maƙwabcinmu Haugen? Har yanzu sabon fasto yana wuce lokaci? Ni kuma ina amsawa ina zufa. Daga ƙarshe ya ce, "Yanzu kama wayoyin nan na wuyan injin ka ɗan gyara musu zama, kada su goga ƙarfe." Na gyara, na hau, na danna. Hannun ya tafi sumul.

"Me ya lalace ke nan?" na ce.

"Oho. Wataƙila tsatsar nan ce. Ka ci gaba da aikinka."

Mun yi minti hamsin. A shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

Haka muka yi shekara huɗu. Sau uku ko huɗu a kowane yanka hannun zai tsaya, in kira, mu taso daga batir. Ban ɓoye ba, na fara jin daɗin abin. In aka yi kwana goma injin bai tsaya ba sai in ji kamar na manta wani abu a gida. A cikin kiran nan na san gidan Karin babu ciyawa ko tsinke, tsakuwa aka zuba a tsakar gida aka dasa wani icce mai ƙaya. Na san an hana shi taɓa komai, don ya taɓa buɗe injin sanyaya ɗaki surukinsa ya kusa suma. Shi kuma ta bakina ya san wa ya mutu, wa ya sayar, da inda ƙanƙara ta faɗi. Da an shiga Satumba na kai injin rumfa, shi ke nan sai wata shekara. Verna da Karin ne ke musayar kati a Kirsimeti.

A shekara ta biyar aka yi fari. Yankan farko bai kai rabin abin da aka saba ba, duk fatana ya koma kan yanka na biyu a fadamar Orval. Na yanka ran Litinin, ta bushe yadda ake so, koriya shar, ganyenta bai zube ba. Ran Alhamis da azahar na shiga ɗauri, rediyo yana cewa ruwa na tafe da yamma. Dami shida na yi hannun ya tsaya. Na ɗaga kai na ga yamma ta yi baƙi ƙirin. Nawa injin kuwa yana rumfa, bel ɗinsa ya tsinke tun bara ban kula ba.

"Orval, hadari ne a kaina. Faɗa mini a gajarce."

Sai ya ce, "Je ka wajen batir."

"Haba, tsoho! Na ce maka hadari!"

"Ai bin ta ake yi daga tushe, Merle. Ka kankare kan..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce masa shi yana zaune a inuwa ana hura masa iska a hanci, ni ke da shanu tamanin da za su ci dusar ƙanƙara. Na ce masa rawayar wayarsa ta cuci yankin nan kaf. Na ce wasu abubuwan da ba zan maimaita ba, na kashe. Na jijjiga duk wayar da hannuna ya kai, hannun ƙarfen ko motsi. Kafin in kai gidan wani in aro inji, ruwa ya sauko. Fari na wata uku, sai ranar ya ga damar karyewa, kuma kwana huɗu ya yi yana zuba. Ciyawar ta yi baƙi a kwance, tana wari. A watan Oktoba na ɗora shanu goma sha biyu a mota na kai kasuwa, cikinsu har da waɗanda na shayar da kwalba tun suna maruƙa.

'Yarmu Lorna tana aikin manyan fankokin nan da iska ke juyawa su ba da lantarki, tana hawa sama inda ni ko kallo na yi sai jiri ya kama ni. Wata Lahadi ta zo da jakar kayanta da waya kala-kala.

"Baba, matsa," ta ce. "Shekara biyar kana fama da abin da bai wuce aikin wuni ɗaya ba."

Ta fizge rawayar nan kaf ta tara a ƙasa. Da ta zo wuyan injin, inda wayoyin ke lanƙwasa duk lokacin da tarakta ta juya, sai ta tsaya ta kira ni. Ta feɗe rigar wata waya da reza. A ciki ta karye, robar ce kawai ke riƙe da ita. In aka motsa ta bakin biyu su haɗu a yi aiki, in aka sha kwana su rabu.

"Ga ciwon," ta ce. "Amma duba nan."

Daidai kan karayar an naɗa baƙin tef, naɗi uku cif, an lanƙwasa bakinsa don a ji daɗin warewa. Duk yankin nan mutum ɗaya ne ke naɗa tef haka, kuma yana yi ne in ya sa wa wuri alama zai dawo ya gyara.

"Wanda ya naɗa wannan ya san da ita, Baba."

Na tuna yadda kowane kira yake ƙarewa da gyara wa wayoyin wuya zama. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Shekara huɗu yana zagaye da ni kamar ɗan maraƙi a igiya, ya san wurin, kuma ranar da na fi bukata ya ce in je wajen batir.

Lorna ta sa ja inda ja ya dace, baƙa inda baƙa ta dace, ta zana taswira ta liƙa a murfin akwati. Yarinyar ta iya aiki, ba don tawa ce ba.

Yuli ya zagayo. Ruwa ya yi kyau, fadama ta cika. Na yi dami ɗari, na yi ɗari biyu, hannun yana zuwa yana dawowa kamar agogo. Ya kamata in yi murna. Maimakon haka sai na tsinci kaina ina danna makunni ina kasa kunne, ko zai ɗan yi gardama. Bai yi ba. Salula tana aljihuna daga safe har yamma. Fushin ya daɗe da sanyi, ban ma san ranar da ya tafi ba. Abin da ya rage kewa ce, kuma ban san inda zan kai ta ba. Rumfar gidan Haugen ta ƙone a watan Mayu, babu wanda zan faɗa wa da zai san wace rumfa nake nufi. Nakan wuce ta gaban gidan Orval, tagogi a rufe, ciyawa ta kai gindin taga, in rage gudu ba dalili. Amma in kira in ce me? Babu abin da ya lalace.

Wata safiya ina shan kofi Verna ta ajiye mini faranti da ƙarfi.

"Jiya na yi magana da Karin."

"Madalla."

"Ta ce tun farkon wata yake zama da salula a cinya. Ko banɗaki zai shiga da ita yake shiga. Ta sa masa taswirar yanayin yankinmu a talabijin, yana zaune yana cewa yau Merle zai yanka, yau Merle zai ɗaure."

"Shi ya jawo."

"Shi ya jawo, kai kuma ka zage shi, kun yi kunnen doki. Yanzu fa? Mutumin nan huhunsa saura kwata. Jira kake a kira ka ɗaukar akwatin gawa?"

"To in ce masa me, Verna? Injin lafiyarsa ƙalau."

Ta dube ni kamar yadda take duban kare in ya shigo da laka. "Shekara saba'in a duniya, ba ka iya ko ƙarya ba? Allah ya shirye ku, daga kai har shi."

Da hantsi na shiga fadama. Saura layi tara in gama, rediyo kuma ya ce akwai yiwuwar ruwa da la'asar. Na yi dami biyu, na tsaya a bakin rafi, na bar tarakta tana aiki don ya ji ƙararta. Sai da na shirya ƙaryata tsaf sannan na danna lambar.

Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba.

"Ya tsaya," na ce.

Hucin iskar ya fi na bara ƙarfi. Da muryar ta fito ta yi siriri, sai da na toshe ɗaya kunnen.

"Ya tsaya a ina? Tsakiya ko gefe?"

"Tsakiya."

"To." Ya ja numfashi. "Ka duba batir?"

"Yanzu zan duba."

Na sauka na je na tsaya gaban batirin da ke ƙyalli, na ƙwanƙwasa shi da sifana don a ji. Ya ce fiyus, na ce lafiya. Ya ce in buɗe akwati, na buɗe. Muryarsa ta fara dawowa, har ya fara tsokana, wai ko har yanzu yatsuna kamar dankali suke. Na ce aƙalla ni kunnuwana ba sa kama tashar rediyo. Na ji dariyarsa, ta ƙare da tari. Na saki jiki, na manta da kaina.

"Sa fitila a kan wadda ke shiga makunni," ya ce. "Wace ka kama?"

"Jar."

Da kalmar ta fita na san na kwafsa.

Tarakta tana ta ruri a bayana.

"Babu jar waya a injina, Merle."

"E."

"Wa ya yi?"

"Lorna. Tun Oktoba."

"Yana aiki?"

"Ko sau ɗaya bai tsaya ba."

"Yau ma?"

"Yau ma."

"Ashe ƙarya kake yi mini."

"Verna ce ta sa ni."

"Ai na sani. Kai ba ka da wannan basirar." Ya yi tari. "Ta ga tef ɗin?"

"Ta gani."

Na ɗauka zai kawo uzuri. Orval bai iya ba. A hankali ya faɗa, yana tsayawa yana neman iska. Ya ce makon gwanjo ya gano karayar. Ya naɗa tef, ya je ya yanko sabuwar waya, aikin minti goma. Da ya ga ni na saya, ya durƙusa da wayar a aljihu zai sa, sai ya kasa. Ya ce a ransa shekara ɗaya kawai, kira ɗaya ko biyu, ya ji yadda fadama take, sannan ya faɗa mini. Shekara ta zagayo bai faɗa ba.

"Ranar hadarin ma da na ce maka duba wuyan injin, da ka gama kafin ruwa," ya ce. "Yana bakina. Na san in na faɗa ba za ka sake kira ba. Sai na ce batir. Karin ta ce ka sayar da shanu."

"Goma sha biyu."

"Ni na ci su, Merle. Ba ni da abin da zan ce."

Wata tara ina tanadin maganganun da zan faɗa masa in wannan ranar ta zo. Na neme su na rasa ko ɗaya. Abin da na iya cewa shi ne, "Ni ma bakina ya yi yawa ranar."

"Ya yi," ya ce.

Magana ta ƙare, dalili ya ƙare. Nan ne ake cewa to, sai an jima, kowa ya kama gabansa. Na ji yana shirin faɗa, don ya fara da "To" ɗin nan nasa mai tsawo. Na duba layukan da suka rage, na duba yamma, gajimare ya fara taruwa a bayan tudu.

"Orval," na ce. "Kai fa? Yaya kake?"

Ban taɓa yi masa wannan tambayar ba, ko ranar da muka binne Ardis.

"Ba daɗi, Merle," ya ce. "Gida nake so. Kullum gida nake so."

Ya ci gaba da magana, amma muryar ta yi ƙasa, ƙarar inji tana cinye ta. Na hau na miƙa hannu na kashe tarakta, na zauna a kan matakala.

"Ina jin ka," na ce. "Faɗi."